Kunnen Emil da Begilar Ɗansa

Duk wanda ya tashi a Halvern kafin a rufe masana'antar ƙarfe ya san Emil Sabol, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Da yamma, in an tashi daga aiki, a filin ajiye motoci na bayan cocin 'yan ƙabilar Slovak za ka same shi, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da hankicinsa mai zanen shuɗi, samari wajen arba'in sun jeru gabansa da begila a baki. Gajere ne kakkaura, wuyansa kamar an manta ba a sa masa ba. Abin da Allah ya ba shi kunne ne. Begiloli arba'in za su tashi a tare, sai ya ɗaga hankici a tsaya, ya bi layi da ido har ya dire kan mutum ɗaya.

"Kai, na uku daga ƙarshe. Busa kake yi ko maraƙi aka taka?"

Kuma ba ya kuskure. Wanda ya nuna, shi ne.

Ƙungiyar badujalar tamu, Maƙeran Halvern, ta girme shi da kaɗan. Sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na farko ne suka kafa ta da tsofaffin ganguna da begilolin da suka taho da su, daga baya coci ta karɓa don ta raba yara da yawon bakin hanyar jirgi. Emil ya shiga tun hular ƙungiyar tana rufe masa ido, a zamanin da begila ba ta da abin dannawa ko ɗaya, komai da leɓe ake yi. Ya yi soja, ya dawo, ya kama aiki a wurin narka ƙarfe kamar ubansa, ya auri Vilma, 'yar mai gidan burodi. A shekarar da aka haifa musu ɗa, Fada, limamin cocin, ya damƙa masa koyar da masu busa. Ba biyansa ake yi ba, kuma da wani ya yi masa zancen biya da sun ɓata.

Wanda bai san gasar wancan zamani ba, ba zai gane Emil ba. Kowace ƙungiya tana shiga fili da maki ɗari cif, daga nan kuma babu ƙari sai ragi. Alƙalai na bin 'yan wasa har cikin fili da allo a hannu, wannan yana kallon ƙafafu, wancan ya kafa kunne a bakin begiloli. Sautinka ya fashe, ko ka riga 'yan uwanka shiga, ko ka makara, sai a ɗiga ɗigo, kowane ɗigo kuma maki yake gutsura. Tun kafin a shiga ma akwai duba: a shanya yara a rana a bi su ɗaya bayan ɗaya, daga farin takalmi har askin ƙeya. Zare ya leƙo daga hannun riga, ɗigo ne. Babu alƙalin da aka ɗauka don ya rubuta abin da ya yi daɗi. Emil ya sha wannan tun yana ƙarami har ya zame masa jini, ya kuma tafi da shi gida. In Vilma ta dafa kabeji mai cushen nama ya share faranti biyu bai ce uffan ba, to yabon ke nan.

"Kun ga mutumin nan?" takan ce wa matan coci ranar Juma'a, suna murza pirohi, 'yan curin fulawa masu cushe da ake sayarwa don hayar motocin tafiya gasa. "Ranar da ya ce min girki ya yi daɗi, ku kira Fada kawai, tafiya ce ta zo."

Ɗan nasu, Lenny, shi kaɗai Allah ya ba su, kuma babu ta inda ya ɗauko ubansa. Dogo ne mai manyan ƙafafu da yawan dariya. Ban taɓa ganin wanda ya so Maƙera kamarsa ba. Shi ne ɗaukar ganguna, shi ne fentin mota, shi ke zaunar da ƙananan yara yana koya musu shafa wa takalmi farin alli. A maci kuwa ba a magana, in yana tafiya sai ka ce da magwaji aka auna takunsa. Begila ce dai ta ƙi shi. A wurin gwaji yakan yi daidai, amma da ya ga jama'a sun cika fili, ganguna sun taso, sai zuciya ta kwashe shi, ya danna iska fiye da ƙima, sauti ya fashe. Shekara goma yana layi na uku, inda ake ajiye masu busa mai sauƙi, bai taɓa matsawa gaba ba, bai kuma taɓa damuwa ba.

Akwai dabarar da kowane malamin begila ya sani. In yaro ba ya iya wani wuri, sai a ce masa ya riƙe begila a baki, ya motsa yatsa, kada ya hura. Alƙali ba ya ɗiga wa shiru ɗigo. Emil ya faɗa wa Lenny haka sau ba adadi, musamman a kan dogon sautin da ke rufe taken ƙarshe, wanda ake ja a hankali har ya cika fili.

"Na ce in an zo wurin nan ka yi shiru. Da wane yare zan faɗa maka?"

"Baba, na rantse da niyyar shirun nake shiga. In kiɗan nan ya taso, ban san lokacin da take fita ba."

Gus Palumbo, mai koyar da ganguna, wanda suka taso tare da Emil suna faɗa suna shiryawa, yakan sa baki. "Emil, ƙyale yaron nan ya busa. Mutanen nan ba lissafin ɗigo suka bar gidajensu suka zo yi ba."

"Kai dukan fata kawai ka iya. Me ka sani game da sauti?"

"Na san dai in ɗanka ya busa tsofaffin matan da ke layin baya suna ji. Sauran naka sai ka ce masu jin kunyar surukai."

Abin da ke cin Emil shi ne 'yan Brennerton, garin da ke tsallaken kogi. Duk shekara a gasar jiha su ne na ɗaya, Maƙera na biyu ko na uku, kuma duk shekara sai malaminsu ya zo ya ba Emil hannu yana cewa, "Kun yi ƙoƙari." Emil ya fi son a mare shi da ya ji kalmar nan. A shekarar 1974 sai ya samu layin masu busa irin wanda bai taɓa samu ba, yaran da ya raina da hannunsa duk suka nuna a lokaci guda. A shekarar ce kuma Lenny ya cika ashirin da ɗaya. Doka ce, daga wannan shekaru an gama da kai, ko kana so ko ba ka so. Al'adarmu kuma ita ce, in an kammala wasan ƙarshe, waɗanda shekarunsu suka cika su taka zuwa tsakiyar fili, su tuɓe takalmansu su bar su a nan, su fita da safa. Tun bazara Lenny yake zancen ranar, yana cewa sai an kawo babbar mota kafin a kwashe nasa.

Ranar gasar ana zafi irin na watan Agusta. Da safe, a gwajin ƙarshe, Lenny ya fasa dogon sautin nan. Emil ya goge wuya da hankici. An yi duba sun wuce babu ɗigo ko ɗaya, sun ɗumama leɓe, sai aka zo abin da Maƙera ke yi kafin kowace shiga: a jera begiloli a kan ciyawa, kowa ya zagaya bayan motoci ya durƙusa, Fada ya yi addu'a. Emil ne ke tsayawa gadin begilolin. Ya san ta Lenny da wata 'yar lotsawa a gefe. Ya waiga hagu da dama, ya yagi gefen hankicinsa da haƙori, ya zare ɗan bakin begilar da ake ɗora wa leɓe, ya murɗe ƙyallen ya cusa a maƙogwaronta, ya tura da fensir har ya ɓace, ya mayar da bakin. Duka bai kai lokacin kunna sigari ba.

Don a yi masa adalci, ba shi ya fara ba. Mun sha jin ana toshe begila a wasu ƙungiyoyi. Amma sabon shiga ake yi wa, yaron da aka sa don cike gurbi, kuma da saninsa. Ban taɓa jin wanda ya yi wa ɗan cikinsa a ɓoye, a ranarsa ta ƙarshe ba, sai Emil. Shi a lokacin bai ga mugunta a ciki ba. Ɗigo ya hango yana tahowa, ya tare shi, kamar yadda aka koya masa tun yana yaro.

Da aka shafa addu'a kowa ya zo ya ɗauki tasa. Lenny ya biyo ta gabansa, fuska na sheƙi da gumi da murna.

"Baba, yau zan yi maka ita tsaf. Ka kasa kunne."

Emil bai iya kallon idonsa ba. "Gyara hularka," ya ce, "ta karkace."

Aka harba bindigar farawa. Emil na bakin layi, idonsa kan mutum ɗaya. Begiloli suka tashi, ya ga ƙirjin Lenny ya cika, ya ga jijiyar wuyansa ta miƙe, fuskarsa ta yi ja. Ya ga ya sake gwadawa. Daga nan bai ƙara ganin komai ba, don babu abin gani. Shi da kansa ya horar da su cewa duk abin da ya faru a fili ba a sauke begila, ba a waiwaye, ba a fita daga layi, ko hula ta faɗi, ko na kusa da kai ya suma. Lenny kuwa ɗalibi ne na ƙwarai. Haka ya yi macin nan tun daga farko har ƙarshe, begila a baki, yatsa na motsi daidai da na kowa, taku bai goce ba ko sau ɗaya. Da aka zo taken ƙarshe, dogon sautin ya tashi sumul, irin yadda Emil ya shekara ashirin yana mafarkin ji. Jama'a suka miƙe tsaye. Shi kuwa kunnen nan nasa da ba ya kuskure, gurbi yake ji a layi na uku, inda ya saba jin wata murya tana neman fin ƙarfin sauran.

Da la'asar aka jera ƙungiyoyi aka fara karanta maki daga ƙasa. Brennerton na biyu. Maƙeran Halvern na ɗaya. Tun mai sanarwa bai rufe baki ba Emil ya gama lissafi a ka, don lissafin ɗigo ba ya yi masa wuya. Tazarar tana da faɗi. Ko da Lenny ya fasa dogon sautin, ya fasa na gabansa da na bayansa, ya ƙara da wasu goma, ba za a kamo su ba. Gus ya rungume shi yana tsalle, mata na kuka, malamin Brennerton ya zo ya ba shi hannu, wannan karon babu "Kun yi ƙoƙari." Emil ya tsaya kamar wanda aka dasa.

Waɗanda shekarunsu suka cika suka taka tsakiyar fili suka tuɓe. Kowace shekara Emil ne ke bi daga baya da kwali ya kwashe takalman, don a garinmu ba a zubar da abin da wani yaro zai iya sawa baɗi. Na Lenny ba sa ɓuya, sun fi na kowa girma, an jera su daidai wa daida. A cikin na hagu ya tarar da ƙyallen shuɗi, a jiƙe, an warware shi an ninke da kyau.

A mota Lenny na can baya da safa yana waƙa tare da kowa. Da aka iso gida, wajen sauka, ya dafa kafaɗar ubansa.

"Barka, Baba. Ka samu abin da kake nema."

Iyakar maganar da ya yi ke nan. Washegari ya goge begilar har tana ɗaukar ido, ya kai ta ɗakin ajiya na coci ya rataye.

Vilma ce ta gano, don ita ke wanki. Ta ga hankici da yagaggen gefe, ta ga ƙyalle a aljihun rigarsa yana warin man begila, ta haɗa su a kan teburin guga suka zauna daram. Wadda ta girma a garin badujala ba sai an yi mata bayani ba.

"Emil, begilar wa ka toshe?"

Ya kau da kai.

"Ba dai ta ɗanka ba?"

"Mun ci kofi, Vilma."

"To sai ka dafa kofin ka ci," ta ce. Ta ninke hankicin ta sa masa a aljihu yadda yake, ba ta ɗinke ba.

Da Lenny ya yi masa rashin kunya, ko ya fasa wani abu a gidan, da abin ya zo da sauƙi, don Emil ya iya faɗa. Amma babu wanda ya ɗaga murya. Kafin sanyi ya shigo Lenny ya samu aikin gyaran manyan motoci a birnin Toledo, ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya mata biyu. Duk Kirsimeti yana zuwa, da ladabinsa da tsarabarsa. Su zauna da uban su yi hirar ƙanƙara, da taya, da ƙwallon da aka buga ranar Lahadi. In zance ya doshi Maƙera sai ya miƙe ya ce bari ya taya Mama wanke-wanke. Wata shekara Emil ya saya wa babbar jikarsa 'yar ƙaramar begila. Ranar komawarsu ya tarar da ita a kan kujerar falo cikin kwalinta.

"Kun manta da wannan."

"Mun gode, Baba. Gidan namu ƙarami ne, ba ya ɗaukar ƙara."

Sai duniya ta shiga sauyawa. Aka rufe masana'anta, samari suka watse neman aiki, matan da ke murza pirohi suka tsufa. Gasa ta koma hannun manyan ƙungiyoyi masu yawo jiha jiha duk bazara, ƙananan irin tamu suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har Brennerton. Maƙera suka yi faretinsu na ƙarshe da yaran da ba su cika layi biyu ba. Da aka zo sayar da kaya, Emil ya zaɓi begila guda mai lotsawa a gefe ya tafi da ita gida. Ana cikin haka Gus ya kawo masa labarin cewa an daina lissafin ɗigo, yanzu alƙalai maki suke bayarwa a kan abin da ya yi kyau.

"Wannan kuma wane irin wasa ne?" in ji Emil. "To wa zai gaya wa yaro ya yi kuskure?"

"Akwai irinku, ba za a rasa ba. Ni dai na ce da haka ake yi a zamaninmu, da Lenny ne zai riƙa ci mana."

Emil ya tashi ya bar masa wurin.

Kunnen ma bai tsaya ba. Shekara da shekaru a gaban tukunyar ƙarfe da rana, a gaban begiloli da yamma, dole wata rana su karɓi hakkinsu. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi a hankali. Aka sa masa na'urar ji, wadda in mutum ɗaya na magana kusa da shi tana taimakawa, in abu biyu suka haɗu kuwa sai ta dama masa su wuri guda. Vilma ta sha ce masa, har a ciwonta na ajali, "Ka yi wa yaron nan magana." Yakan ce, "In ce me?" Ba taurin kai ba ne kaɗai, da gaske bai san yadda ake yi ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nuna kuskuren 'ya'yan mutane da yatsa, nasa guda ɗaya ya gagare shi faɗa. Abin yana damunsa ƙwarai, kowa ya sani, don ko hoton ranar kofin bai taɓa ratayewa a bango ba.

Yana da shekara tamanin aka ce za a rufe cocin, masu zuwa sun yi kaɗan. Tsofaffin Maƙera suka ce ba za a rufe shiru ba, za su taru su busa sau ɗaya a filin ajiye motoci bayan addu'ar ƙarshe. A makonnin nan Lenny ya zo gyara wa uban indararo, shi ma furfura ta cinye masa kai. Da ya sauko daga tsani ya shiga ɗakin girki, sai ya ga begila a kan tebur, ga manyan takalma farare a gefenta, allinsu ya tsattsage. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Za a yi busa ranar rufe coci," in ji Emil, da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Na ji. Kawu Gus ya kira ni."

"Ana neman mutum a layi na uku."

Lenny ya ja kujera ya zauna ta gefen kunnen dama. "Baba, na fi shekara talatin ban sa ta a baki ba. Ɓata maka zan yi."

"Ka ɓata." Emil ya tura begilar gabansa da yatsu biyu. "Na duba ta. Babu komai a ciki."

Iyakar abin da ya iya ke nan, kuma sai da ya yi gumi kafin ya fita. Lenny ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauki begilar, ya zare bakin, ya hura iska a ciki ya ji ta wuce. A gaban uban ya yi, bai ɓoye ba, Emil kuma ya san ya cancanci hakan.

"Ka san abin da ya fi min ciwo?" in ji Lenny. "Ba toshewar ba ce. Ranar nan da na yi ta daidai. A jikina na ji."

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba, Baba. Abin ke nan ai. Babu wanda zai taɓa sani."

Ya tafi da begilar. Takalman ya ce sun yi masa kaɗan yanzu, ƙafa ta buɗe.

Ranar Lahadin rufe coci aka taru da hantsi. Tsofaffi ne masu tumbi da sanƙo, wasu da gilashi, wani da sanda, sun saka rigunan da maɓallansu ke neman agaji. Babu maci, tsayuwa kawai za a yi. Aka ajiye wa Emil kujera a gaba, daidai inda ya saba tsayawa. Gus ne ya ba ganguna alama. Begiloli suka tashi.

Abin da ya iso kunnen Emil dunƙule ne guda, kamar rurin masana'anta in an buɗe ƙofa. Ya murɗa na'urar sama, rurin ya ƙaru. Ya murɗa ƙasa, ya koma kamar ana kiɗa a wani gari. Ya karkata kai ya nemi layi na uku yadda ya saba, ya nema, ya sake nema, babu layi na uku, babu na ɗaya, duk sun narke wuri guda. Ido kaɗai ya rage masa. Ga Lenny can ya fi kowa tsawo, ƙirji a cike, jijiyar wuya a miƙe, fuska ja, begila a baki. Abin da ya gani a wancan Agusta shi ya sake gani, babu bambanci.

Da aka gama ana tafi ana share hawaye, ya kamo hannun rigar Gus ya jawo shi.

"Ya busa?"

Gus ya sunkuyo ya yi masa magana a kunne. "Wai ya busa. Ba ka ga tattabarun hasumiya sun watse ba?"

"Dogon nan na ƙarshe fa?"

"Ya fashe, Emil. A tsakiya ya fashe, duk gari ya ji. Bai daina ba kuma, ya ja abinsa har ƙarshe."

Emil ya gyaɗa kai. A duniya babu abin da yake so a lokacin kamar ya ji fashewar nan.

Lenny ya ratso jama'a ya zo yana haki, leɓensa ya kumbura ya yi zobe. Ya durƙusa a gefen kujerar, da 'yar dariyar nan tasa ta da.

"To, Malam Sabol, ɗigo nawa na ci?"

"Ban ji ka ba, Lenny," in ji Emil. "Na nema, na nema, ban same ka a ciki ba."

Dariyar ta ɗauke. Lenny ya dubi na'urar da ke kunnen uban, ya dubi begilar. Sai ya ce wa mutanen da ke kusa su ɗan yi shiru, ya gyara durƙuso, ya saita begilar kusa da kunnen dama, don ya yi masa ita shi kaɗai. Ya cika ƙirji ya hura. Amma leɓen da ya shekara talatin yana hutu ya riga ya ba da abin da yake da shi a fili. Ya gwada, ya lashi baki ya sake gwadawa, babu sauti, sai iska. Ya ce bari leɓen ya huta, da Kirsimeti zai zo ya yi masa a ɗakin girki. Emil bai kai Kirsimetin ba, ya rasu kafin ƙanƙarar farko ta sauka.

A ranar rufe cocin dai Emil bai bar Lenny ya tashi ba. Ya miƙa tafin hannunsa ya tare bakin begilar, inda sauti ke fita.

"Ƙara hurawa," ya ce.

Lenny ya hura. Iskar ta biyo ta cikin begilar ta fito da ɗuminta ta daki tafin tsohon, babu abin da ya tare ta a hanya. Emil ya bar hannun a wurin.

"Ƙara," ya ce.